Tsofaffin mukayyif huɗu a saman soro: in ba mai sikrab ko in gyara?

Baban Sumayya, Jidda

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ya aiki, ya zafi?

Shawara nake nema, amma ku yi haƙuri sai na ɗan yi shimfiɗa. A 2022 muka tashi daga tsohuwar unguwarmu, lokacin rusau ɗin da ya ci su Karantina da Sabil da Gulail, muka koma wata shagga, wato gidan haya a bene, a kudancin gari. Ranar tashi na sa aka ciro mukayyif huɗu, wato na'urar sanyaya ɗaki, biyu na taga, biyu sifilit, irin mai inji ɗaya a ɗaki ɗaya a waje. Da muka zo sabon gida sai muka tarar mai shi ya riga ya ɗaura nasa. Tun daga ranar nawa suke jibge a saman soro, an lulluɓe su da tamfol. Yanzu mai gida ya ce a kwashe masa su kafin ƙarshen wata, Maman Sumayya kuma ta daɗe tana mita, wai wurin shanyarta na cinye.

Ga yadda suke. Na taga na farko ya girmi Sumayya, a kasuwar gwanjo ta Harajin Sawarikh na saye shi, kuma ko a lokacin na hannu ne. Yana sanyi har ranar da aka cire shi, sai dai ƙara kamar injin markaɗe. Na taga na biyu in an kunna sai ya yi gurnani ya kashe wutar gidan. Sifilit na farko tan ɗaya da rabi ne, irin wanda ake kira har-barid, mai sanyi da ɗumi. Lafiyarsa ƙalau, amma yaron da ya kwance shi sauri yake yi, ina tsaye na ji "fuuu" na kusan minti biyu, wani farin tururi na fita daga bututun. Sifilit na biyu inbata ne, irin mai rage gudu da ƙarawa da kansa, shi ne mafi sabunta, fitilarsa kawai ke ƙyaftawa. Wani mai gyara ya ce katinsa, allon lantarkin da ke sarrafa shi, ya ƙone, ya faɗi kuɗin da ya kusa rabin kuɗin sabo, na ce Allah ya ba mu alheri.

Shekaranjiya wani mai dabbab, ƙaramar motar kaya, da ke zagaye yana sayen sikrab, wato tsofaffin ƙarafa, ya taya duka huɗun riyal 400. Har na ce a kawo kuɗi, sai Sumayya ta tare ƙofar bene. Injiniyanci take karanta. Ta ce, "Baba, ka san wannan har-barid ɗin shi ne abin da Turawa ke kira famfon zafi, wanda yanzu gwamnatocinsu ke ba mutane kuɗi su saya?" Ta shiga yi mini karatu a kan wani abu wai tattalin arziki mai zagaye, cewa kaya bai kamata ya tashi daga masana'anta ya bi ta gida ya ƙare a bola ba, ya kamata ya riƙa juyawa. Na ce mata ai wannan mu a Kano 'yan gwangwan muke ce masa, tun kafin a haifi malaminki muke ba da tsohon kwano a ba mu gurasa. Ta yi dariya ta ce gwangwan shi ne matakin ƙarshe, akwai matakai da yawa kafin a kai gare shi.

To ga kuma hanya ta uku. Ƙanin Maman Sumayya yana can wajen Sinnar a Sudan, ta ce me zai hana a ɗora su a jirgin ruwan Sawakin a aika masa.

Masu sanin harkar, wanne zan gyara, wanne zan sayar, wanne zan aika? Kuma wancan "fuuu" ɗin, asara ce babba ko iska ce kawai?

Usta Mai Sanyi, Makka

Wa alaikumus salam Alhaji. Shekarata ashirin da ɗoriya ina wannan sana'ar, kuma zan fara da cewa kada ka bari mai dabbab ya ɗora ko ɗaya tukuna. Riyal 400 ɗin nan ba mukayyif yake saya ba, tagulla da alminiyum yake saya. Yana kai su fili zai sa almakashi ya datse bututu, gas ya tashi sama, ya zubar da man kwamfuresa a ƙasa, ya ware ƙarfe ya auna. Ba zaginsa nake ba, abincinsa yake nema, amma a cikin huɗun nan ɗaya ne kawai ya kai lokacin zuwa hannunsa.

Sumayya ta faɗi gaskiya. Firij da mukayyif da famfon zafi uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Babu wanda ke ƙera sanyi a cikinsu, ɗaukar zafi suke yi daga nan su kai can. Gas ɗin yana tafasa a bututun cikin ɗaki ya tsotse zafi, kwamfuresa ya matse shi, ya je waje ya amayar da zafin, ya koma ruwa, ya dawo. A har-barid na sifilit akwai wani bawul mai baki huɗu da ke juya tafiyar, sai ya tsotso zafi daga waje ya zuba a ɗaki. Shi ya sa da wutar kilowat ɗaya yake iya ba ka ɗumin kilowat uku ko fiye, alhali hita mai waya ɗaya take ci ɗaya take bayarwa. A Jidda ba ku san amfaninsa ba, amma tambayi mutanen Tabuka ko Ha'il ko Abha a watan Janairu. Wani abin lura, yawancin na taga da aka rubuta wa har-barid waya ce kawai a ciki kamar ta hita, ba famfon zafi ba ne.

Bari in bi su ɗaya bayan ɗaya, amma ba a jerinka ba.

Mai gurnani shi ne mafi sauƙi. Sau da yawa kafasita ce ta mutu, wani ɗan gwangwani ne da ke ba kwamfuresa ƙarfin tashi. In ta kumbura, kwamfuresa zai yi ta nishi ya kasa juyawa har wuta ta yanke. Kuɗinta bai kai na mandi faranti biyu ba. Ba zan iya ƙirga mukayyif nawa na gani an jefar saboda ita ba. In an canja ta bai tashi ba, to kwamfuresan ne ya cije, wannan wata magana ce.

Har-barid ɗinka kuwa, yaron nan ya cuce ka. Ƙa'idar kwance sifilit ita ce a kunna shi a kan sanyi, a sa alanki a rufe ƙaramin bawul, a bar kwamfuresa ya zuƙo duk gas ɗin ya tara a injin waje, in geji ya sauka a rufe babban bawul a kashe. Aikin minti biyar ne. Shi kwance goro kawai ya yi ya sake shi. Gas ɗin da ya tafi ba shi ne babbar damuwata ba, man da ke ciki ne. Injin da ke shan gas ɗin R410A, irin naka, yana aiki da wani mai da ke tsotsar laima kamar gishiri a damina, ga shi kuma a Jidda, inda iska kanta jiƙaƙƙiya ce. In bawul ɗin a buɗe aka bar su duk shekarun nan, sai an wanke layi da naitirojin, a gwada ko yana yoyo, a ja iska da injin bakiyum sosai, wani lokaci har a canja mai, sannan a zuba gas da sikeli. Na ce da sikeli. Nauyin da yake ɗauka a rubuce yake a jikin injin waje. Duk wanda ya zo zai zuba maka da ido yana taɓa bututu yana cewa "ya yi sanyi", ka sallame shi. Ka kuma duba fiffiken alminiyum na waje, gishirin teku yana cinye shi. In ka shafa ya marmashe kamar busasshen ganye, kada ka ɓata kuɗinka.

Na inbata shi na fi so in gani da idona. "Kati ya ƙone" magana ce da mu masu gyara muke faɗa in ba mu son wahala. Kati ba ya ƙonewa gaba ɗaya. Abu ɗaya ne ko biyu ke mutuwa a kansa, fiyus, ko kafasita, ko ɓangaren da ke sarrafa wutar kwamfuresa. Kuma ka san abin da na fi tararwa? Tsaka. Ta shiga neman ɗumi, ta haɗa waya biyu da jikinta, ta bushe a wurin. Akwai yara masu gyaran kati a warsha, wato shagon gyara, da kawiyar liƙa waya da gilashin ƙara girma, su za ka nema, ba mai wankin mukayyif ba. Inda abin ke ba ni haushi shi ne kamfanonin da ke dulmiya katin a cikin wani danƙo mai tauri yadda ba za ka iya taɓa komai ba, ko su canja fasalinsa kowace shekara biyu, katin bara ba ya shiga na bana. Wannan ba laifin mai gyara ba ne, ba laifinka ba ne.

Saura dattijo mai ƙarar markaɗe. Nan zan saɓa wa masu cewa komai a gyara. Shi ne kaɗai mai aiki, kuma shi ne nake cewa a yi masa ritaya. Yi lissafi da kanka. Kuɗin wutar gida tun Janairun 2018 halala 18 ne (halala 100 ce riyal ɗaya) kowane kilowat a awa, har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura halala 30. A ce ya fi sabon inbata cin wuta da kilowat ɗaya, kana kunna shi awa 12 a rana. A wata kilowat 360 ke nan, kusan riyal 65, ban da harajin kashi 15. Zafin Jidda kuma ba wata uku ba ne. Da tsohuwar zuma ake magani, amma ban da tsohon kwamfuresa. Sai dai kafin a farfasa shi, a zuƙe gas ɗin R22 da ke cikinsa da injin zuƙa a zuba a silinda. Gas ne da ake rage shigo da shi kowace shekara, yana ƙara tsada, kuma akwai dubban injina da har yanzu shi suke sha. In aka tace shi zai rayar da wani.

Hajiya Maman Walid, Madina

Sannu Baban Sumayya, Allah ya yi wa Sumayya albarka, ya sa ta gama lafiya.

Ni ba injiniya ba ce, mai biyan fatura ce. Abin da Usta ya faɗa a kan zuba gas da ido ya taɓa ni, don shekara uku a jere wani mai gyara yana zuwa gidana farkon kowane zafi ya ce firiyon, wato gas ɗin mukayyif, ya ƙare, ya zuba, ya karɓi kuɗi. Ni a zatona kamar fetur ne, ana ƙona shi. Sai da ɗan ƙanwata ya zo hutu ya ce, "Inna, ai wannan ba ya ƙarewa, in ya ragu to huda ce." Ya kaɗa ruwan sabulu ya shafa a gindin goron bututu, sai ga kumfa tana tashi. Aka sake yi wa bakin bututun baki aka ɗaure. Yau shekara huɗu ba a ƙara masa ko ɗigo ba. Mutumin nan ya sani sarai, ya mai da ni saniyar tatsa.

Sannan ku maza kuna ta maganar tagulla, kun manta ruwa. Tiyon da ke ɗiga a bayan mukayyif, a nan Madina ba ya kawo da yawa don iskarmu busasshiya ce, amma lokacin da nake zaune a Jidda jarka guda nake tarawa a kwana daga ɗaki biyu. Da shi nake goge tayil, da shi nake ban ruwan na'ana'a da rihan. Ba a sha, ba a girki da shi, ya bi ta ƙura da tsatsa. Amma a ƙasar da ruwanta daga teku ake tace shi, ganin sa yana zuba a kan titi yana ɓata bangon mutane abin kunya ne.

Wani abu kuma. Hukumar kula da tsimin makamashi ta nan ƙasar tana da shirin da ake kira Istibdal, ana karɓar tsohon mukayyif na taga a ba ka sabo mai tsimin wuta da rangwame, tsohon kuma a kai shi inda ake sarrafa shi bisa ƙa'ida. Maƙwabciyata ta yi. Na 'yan ƙasa ne, mu masu iƙama sai kallo. In a gidanku akwai mai tabi'iyya, wato takardar ɗan ƙasa, a bincika kafin dattijon ya tafi.

Ɗan Mai Wurno, Bur Sudan

Yaya Baban Sumayya, ni zan yi magana a madadin surukinka, tunda ƙasarmu ɗaya.

Don Allah kada a aiko mana da abin da kai ba za ka ɗaura a ɗakinka ba. Ina zaune kusa da hanyar da kayan Sawakin ke bi, ina ganin abin da ake saukewa da sunan taimakon dangi. Mutum ya biya kuɗin jirgi, ɗan'uwansa ya biya kwastan da kuɗin mota, a kai gida a jona, ya yi sati biyu ya mutu. Daga nan sai bayan gida, yara su ƙone wayoyin su ciri tagulla, hayaƙin ya shiga ƙirjinsu. Bolar Jidda ce aka biya kuɗi aka kawo mana.

Kuma akwai dalilin da ya sa suke mutuwa da wuri, mutane ba sa kula da shi. Wutar Saudiyya mai bugu 60 ce a daƙiƙa, ta Sudan 50 ce, kamar ta Najeriya da Nijar. Duba farantin da ke jikin na'urar za ka ga an rubuta 60Hz. Kwamfuresan da aka ƙera wa 60 in ya samu 50, gudunsa yana raguwa da kashi ɗaya cikin shida, sanyinsa ya ragu, ga shi ƙarfin wutar bai ragu ba, sai wayar cikinsa ta riƙa ɗaukar zafi fiye da ƙima. Haɗa wannan da wutarmu da ke hawa da sauka. Na inbata ya fi jurewa, domin shi yana karɓar wutar ne ya sake sarrafa ta da kansa kafin ya ba kwamfuresa, amma shi ma a duba farantinsa da na fankarsa.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 maganar wuta a garuruwa da yawa ta koma ta sola. Na taga irin naka lokacin tashi yana fizgar wuta ninki biyar ko shida na abin da yake ci, ƙaramin inbatan sola ba zai ɗauka ba, ƙara kawai zai yi ya mutu. Sifilit mai inbata a hankali yake tashi, shi ne kaɗai zai yi wa mutumin Sinnar amfani. Ban da haka ma, a can a watannin rani iska busasshiya ce, mukayyif na ruwa muke amfani da shi, wanda fanka ce da ƙaramin famfo da ciyawa da ake jiƙawa. Wutarsa kaɗan ce, babu gas, kuma duk maƙerin kasuwa zai gyara shi. A nan Bur Sudan ne ba ya aiki saboda laimar teku, kamar ku.

In ka tambaye ni, sayar da ukun a nan inda aka yi su dominsa, ka aika masa kuɗin ya ƙara faranti biyu na sola. In kuma lallai sai an aika abu, to na inbatan, bayan an gyara an gwada shi sati guda, an tara gas ɗinsa a ciki, an toshe bakin bututu.

Injiniya Ƙarami, Ingila

Baba, barka da ƙoƙari. A Makka aka haife ni, karatu ya kawo ni nan, yanzu ina aiki da masu ɗaura famfon zafi a gidaje, don haka zan ɗan ƙara a kan "fuuu" ɗin da ka tambaya.

Ba iska ce kawai ba. Kilo ɗaya na R410A yana riƙe zafi a sararin sama daidai da kilo 2,088 na hayaƙin kabon. Sifilit tan ɗaya da rabi yakan ɗauki kilo ɗaya ko sama da haka. Litar fetur in ta ƙone tana ba da kusan kilo 2.3. Ke nan a minti biyun nan yaron ya saki abin da ya kai ƙona lita 900. R22 na dattijonka nasa 1,810 ne, ga shi kuma yana cin rufin ozon, shi ya sa yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta biyo ta kansa, kuma ƙasashe masu tasowa za su daina shi a 2030, sai ɗan abin gyara. Su R410A kuma gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016 ne ya kama su. Najeriya da Sudan suna rukunin da aka tsayar wa 2024 a daina ƙara yawansa, Saudiyya da maƙwabtanta na Tekun Fasha da Indiya da Pakistan aka ɗaga musu zuwa 2028 saboda tsananin zafi. Sabbin injina suna komawa R32, mai 675, da R290, wanda furofen ne irin na gas ɗin girki, nasa 3 kacal, amma yana kama wuta, saboda haka ba a zuba shi a injin da ba a ƙera dominsa ba.

A nan yawancin gidaje da tukunyar gas ake ɗumama su. Gwamnati tana ba da fam 7,500 ga wanda zai cire ta ya sa famfon zafi. Sakin gas da gangan laifi ne, kuma sai mai takardar shaida yake taɓa shi. Amma kada ka ɗauka sun fi mu iya juya kaya. Na'urar tana yin shekara 15 zuwa 20, kuma abin da ake tattaunawa yanzu shi ne ina za a kai su in sun tsufa gaba ɗaya. Kuɗin ma'aikaci a nan ya sa ba wanda zai zauna da kawiya a kan kati, ciro shi ake yi a jefar. Kwamfuresan inbata da yawa akwai maganaɗisun niyodimiyam a cikinsu, ma'adinin da yawancinsa a Sin ake tace shi, amma da yake a rufe yake da walda, sai a niƙa shi tare da ƙarfe, maganaɗisun ya bi ruwa. Shawarwarin da ake kawowa su ne kamfani ya karɓi tsohon kayansa ya sabunta kwamfuresa ya sake sayarwa da garanti, a ƙera da noti maimakon gam, ko ma kada ka sayi na'urar, ka biya kuɗin ɗumi duk wata, ita ta zama ta kamfani. In tasa ce, shi zai so ta daɗe. Tarayyar Turai tun 2021 ta wajabta wa masu ƙera firij da injin wanki su ajiye kayan gyara na shekara 7 zuwa 10.

Rannan na ba wani abokin aikina labarin masu gyaran kati na Makka da masu zuba tukunyar dalma a Kano daga tsohon alminiyum, ya ce su abin da suke rubuta takardu a kai ke nan. Na ce masa hannun muna da shi, injin zuƙe gas ne da doka ba mu da su a kowace warsha.

Usta Mai Sanyi, Makka

Ɗana Injiniya, ka yi bayani, Allah ya ƙara ilimi. Abu ɗaya zan gyara maka. Injin zuƙar ina da shi, na saya da kuɗina. Matsalar ita ce in na ce wa mai gida aikin zai ƙara rabin awa da riyal talatin, sai ya kira yaron da zai yi masa "fuuu" kyauta. Kuma in silinda ta cika da gas gauraye, wanda ba zan iya mayar wa kowa ba, a warsha take zama, uku gare ni yanzu a ƙarƙashin tebur. Maganar haya kuwa, a bari mu gani. Mutumin da ke tashi daga shagga zuwa shagga duk shekara biyu, wa zai bi shi da na'urar kamfani?

Alhaji, na manta ban ce ba, in za ka sayar da na hannu ko za ka saya, duba T3 a faranti. Shi aka gwada a zafin digiri 46. Mai T1 a 35 aka gwada shi, ba na ƙasar nan ba ne.

Baban Sumayya, Jidda

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Ga inda aka kwana.

Ranar Asabar na samo wani mai gyara a unguwa, na karanta masa rubutun Usta daga waya, ya ce wannan malamin ya san aiki. Mai gurnani dai kafasita ce, ta kumbura kamar cikin ƙosasshe. Aka canja, ya tashi. Na sayar wa wani mai baƙala, wato kantin kayan masarufi, a ƙasan gidanmu riyal 350, shi kaɗai ya kusa kuɗin da aka taya huɗun.

Har-barid an yi sa'a rabi. Yaron ya saki gas, amma ashe ya rufe bawul daga baya, laima ba ta shiga sosai ba. An gwada da naitirojin ya riƙe. Wana da ke Ɗa'if ya ce yana so, shi da yake kwana da hita biyu a lokacin sanyi. Na ce masa kuɗin gas da na ɗaurawa nasa ne.

Dattijo an zuƙe shi. Na tsaya a kan sikelin da kaina, gram 800 da 'yan kai suka fito, bayan shekaru sama da ashirin bai yi yoyo ba. Sai da na ɗan ji wani iri da aka ɗora shi a dabbab, a ƙarƙashinsa aka yi sunan yaran nan duka. Mai dabbab ya ɓata rai da ya ga saura ɗaya, ya ba da riyal 90 yana ƙunƙuni. Hajiya, babu mai tabi'iyya a gidanmu, don haka Istibdal ya wuce mu.

Katin inbata yana warsha. Usta, ba tsaka ba ce, kyankyaso ne guda biyu. An ce in dawo ranar Laraba. Maman Sumayya ta karanta abin da Ɗan Mai Wurno ya rubuta, ta yi shiru, daga baya ta kira ƙaninta. Shi da bakinsa ya ce sola yake so. Amma ita har yanzu tana cewa in an gyara a aika, wai kuɗi ana cinye su, kaya kuwa ana gani. Sumayya ta hau soro ta ɗauko hoton farantin, 60Hz ne kawai a rubuce, babu 50. Ɗan Mai Wurno, Usta, a hakan ma zai yi, ko in bar shi a ɗakin baƙi?